Babi Arba'in a Kan Igiyar Shanya

Akwai wani malamin adabi da ɗalibansa suka laƙaba wa Mai Tabarau. Shekara shida ya yi yana rubuta littafi, babi arba'in cif, labarin wani direban babbar mota da ƙaninsa ya gudu masa da motar. A ganinsa, tun da aka ƙera biro ba a taɓa rubuta irinsa ba.

Sai ga saƙon edita: "Malam, alƙalaminka akwai zaƙi, amma na kai shafi na tamanin ban ga abin da ya faru ba. Nan da mako uku za mu rufe jerin littattafan bana. In ba a gyara ba, sai dai haƙuri."

Mai Tabarau ya dafe ƙirji. Shi? Shi da yake gyara wa mutane waƙafi har a katin ɗaurin aure?

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka kira Auta mana."

Auta ƙanwarta ce, marubuciyar fim. Ya daɗe yana tsokanarta: "Ya shigo, ya zauna, ya fita. Wannan rubutu ne ko jerin cefane?" Da wane baki zai roƙe ta yanzu?

Bai roƙa ba. Ya sa aka gayyace ta cin abincin rana, ya ajiye littafin daidai kan kujerar da ta saba zama.

Ta ɗaga shi, ta auna nauyinsa a hannu, ta yi murmushi. "Yaya, mantuwa ka yi ko tarko ne?"

"Ni ban ma san yana nan ba."

Bayan kwana uku ta dawo da kwali yankakke gida arba'in, kowane babi da katinsa. Ta sauke wankin yayarta, ta jera katunan a kan igiyar shanya a tsakar gida.

"Haka muke yi wa kowace fitowa a fim," in ji ta. "Tambaya uku ce. Wa ke son wani abu? Me ya tare shi? Me ya canza? Katin da ya kasa amsawa, ƙasa zai yi."

Suka zo babi na uku, shafi goma sha ɗaya na siffanta ruwan sama. Shi ne abin alfaharinsa.

"A nan wa ke son me?"

Ya gyara tabarau. "Ƙasa ce ke son ruwa."

"Ta samu?"

"Ta samu."

"To, Allah ya sa albarka." Ta cire katin.

"Wayyo! A gidana, bayan an ci abincina!"

Matarsa tana daga kicin tana dariya har da tari. Tarihin kakan direba ya faɗi. Mafarkin direba ya bi shi. Kafin la'asar kati goma sha bakwai suna ƙasa, shi kuwa yana tsaye a kansu kamar mai karɓar gaisuwa.

Auta ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma rama tsokanar shekaru ba. Ta zare katin da aka sace motar, babi na ashirin da biyu, ta taka har farkon igiya ta maƙala shi a na biyu.

"Yaya, in minti goma suka wuce ba abin da ya taɓa jarumi, mai kallo ya canza tasha. Mai karatu ma yana da wurin zuwa."

Sai ta tsaya a katin ƙarshe, inda wani kawu attajiri ya ɓullo ya saya wa direba sabuwar mota.

"Wannan kawun daga ina?"

"Daga alherin marubuci."

"Direban fa, shi me ya yi?"

Mai Tabarau ya ja da baya. Ya dubi igiyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Karon farko ya ga labarinsa tsirara, babu ado. Can ya ce a hankali, "Shi zai nemo ƙanin da kansa. Ya same shi kwance a asibiti, motar ta ragargaje, ɗan sanda a bakin ƙofa yana jiran kalma ɗaya daga bakinsa."

Auta ta miƙa masa farin kati da biro. "Wannan ba ni na faɗa ba, Yaya." Ta sunkuya ta ɗauko katin ruwan sama ta kaɗe shi. "Ka bar rabin shafi na ruwan, ka sa shi ranar da direban ya tsaya a filin da ya saba ajiye motar. Kamera ba ta shiga zuciyar mutum. Kai kana shiga."

Kwana goma sha biyar ya yi yana rubutu, yana mita, yana rubutu. Amma halin mutum ba ya barinsa. Da zai tura wa edita, sai ya cire babin ƙarshe da gangan. In editar ba ta tambaya ba, ya san littafin bai tashi ba.

Kwana biyu shiru. Ya kasa cin abinci. Rana ta uku da hantsi waya ta yi ƙara. Editar ce.

"Malam! Ina ƙarshen? Ya miƙa shi ga ɗan sandan ko bai miƙa ba?"

"Au, ban haɗa ba? Kin san girma ya fara kama mu."

"Ka turo yanzu. Littafinka ya shiga jeri."

"Zan turo, da shafi ɗaya na godiya a gaba." Ya ajiye waya, ya dubi matarsa yana girgiza kai. "Ki ga ƙanwarki. Ta kashe mini babi goma sha shida da rabi, kuma dole sunanta ya riga nawa labarin fitowa."

Darasi: Iya magana daban, iya gina labari daban, kuma mai ilimin da kake buƙata yana iya zama wanda ka fi rainawa. Ku tura wa marubucin da kuka sani. Kada ku karanta ku sulale kamar yadda kuka saba.