Ranar da Malam Almu Ya Koma Ɗalibi

Akwai wani malamin firamare a cikin birnin Katsina, ana ce masa Malam Almu. Shekara ashirin da shida yana koyar da Turanci, kuma ba ya son a gyara masa.

Wata rana ya yi wa 'yan aji biyar shifta, rabin ajin suka faɗi. Ya shigo ofishin malamai yana faɗa, wai yaran yanzu ba su da kunne.

Malama Nafisa, sabuwar malama wadda shi ya koyar da ita tun tana ƙarama, ta bari sai da kowa ya fita, sannan ta rusuna.

"Baba Malam, ka gafarce ni. Na ji shiftar ta taga. Pull da full, iri ɗaya suke fita a bakinka. Haka pan da fan. Yaran canka kawai suke yi."

"Mi kika ce? Ni da na koya miki riƙon fensir?"

Ya fice ransa a ɓace. Amma da ya isa gida ya ɗauki muryarsa a waya, ya saurara har sau uku. Shi kansa bai iya rabe kalmomin ba. Sai ya tuna yaran da ya yi ta zana wa jan biro ba da laifinsu ba.

Washegari ya same ta. "Ɗiyata, koya mani."

Ta riƙa masa 'yar takarda a gaban baki. "In za ka ce pan, haɗe leɓɓanka ka sake, sai takardar ta motsa. In fan ne, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa."

Wata biyu yana yi, a gaban madubi, a kan babur, har mai ɗakinsa Talatu ta riƙa tambaya ko wuta yake hurawa.

Ranar da ya sake shiftar, yara uku kacal suka kuskure. Ya tsaya a gaban allo, ƙirji a buɗe, ya aika a kira Nafisa. Tana shigowa ya ɗaga murya:

"Ku tashi tsaye ku gaida malamar malaminku!"

Darasi: Karɓar gyara daga na ƙasa da kai ba ya rage girma, ƙara shi yake yi. Ku tura wa duk wanda kunya ta hana shi koyo.