Anaruwa da Rijiyar Toro

Tsofaffin zangon bakin teku suna cewa, tun ba a aza tubalin farko na wannan birni ba, tun gaɓar nan ba ta da komai sai yashi da kurmi da kadoji, an yi wani maharbi a ƙasar arewa mai suna Anaruwa. Kirarinsa a bakin maharba shi ne: "Anaruwa na Tasalla, baka mai cin nesa, ba a ganin ka sai an ga nama."

Tasalla matarsa ce, uwar 'ya'yansa. Wata shekara da kaka ya shiga daji farauta, ya daɗe. Da ya dawo ƙauyensu, Tungar Marke, ya tarar cutar agana ta shiga ta share shi. Babu hayaƙi a kan ko wane ɗaki. Ya ga sababbin kaburbura a bayan gari, bai sami ko mutum ɗaya da zai nuna masa na iyalinsa ba. Ya zauna a ƙofar gidansa har rana ta yi sanyi, sannan ya rataya kwarinsa ya koma daji.

A can ya gamu da wani tsohon toron giwa wanda garke ya kora, yana tafe shi kaɗai. Anaruwa ya sakar masa kibiya mai dafi a kafaɗa. Dafin nan in ya taɓa ɓauna ba ta nisa, amma toron bai faɗi ba. Ya juyo ya dubi maharbin, ya miƙa kudu. Anaruwa ya bi sawu.

Suka ƙetare babban kogi. Ƙasar kuka da ɗorawa ta ƙare, suka shiga kurmin goro da kwakwar manja, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Sau da yawa toron yakan tsaya a fili, kibiya na iya samunsa, amma Anaruwa ya kasa ɗana ta biyu. Har ta kai in gari ya waye bai ga sawun ba, sai hankalinsa ya tashi. Duk duniya ba shi da wanda ya san da zamansa sai dabbar da ya harba.

Wata rana ya ji ƙugi kamar na hadari, alhali sama garau take. Ya fito daga kurmi, sai ga ruwa wanda ba shi da ƙetare. Ya durƙusa ya kamfata, ya tofar: gishiri ne zalla. A bayansa akwai wani tafki mai faɗi, shi ma ruwansa zartsi. Gorarsa kuwa ta bushe.

Nan ya tarar da wata tsohuwa tana dafa gishiri a bakin bukka. Ba ya jin harshenta, ba ta jin nasa. Da hannu ta nuna masa bukkokin da suka zama kango, da tulunan da take tara ruwan sama, duk sun ƙafe sai ɗaya. Ya gane mutanenta ƙishirwa ta kora, ita ce ta ƙi tashi. Ta karkata tulun, ta tsiyaye masa abin da ya rage. Ya sha, yana sane cewa ranta ne ta ba shi.

Ya tashi neman toron, ya hango shi a kan wani tudun yashi tsakanin teku da tafki, ya durƙusa yana haƙa da haure. Bai yi harbi ba, ya tsaya yana kallo. Toron ya yi ta haƙa har kansa ya nutse a rami, sannan ya kwanta a gefe, bai ƙara tashi ba. Anaruwa ya leƙa, sai ga ruwa yana tsattsafowa, mai sanyi, mai daɗi, ga teku kuwa kusa, ko dutse aka jefa sai ya kai ta. Ya cika gorarsa ya kai wa tsohuwa. Masu tarihi sun ce tun daga ranar bai sake ɗaukar baka ba.

Ya gina bakin rijiyar da duwatsu. Yana kiran tsohuwar Iya, ita kuma tana kiransa da wata kalma da bai taɓa sanin ma'anarta ba. Suka yi shekaru suna cin abinci tare ba hira. Da ta rasu shi ya haƙa, shi ya binne, ya koma bakin rijiya yana sauraron teku.

Masunta suka ji labarin ruwa suka dawo da kwale-kwalensu. Masu sayen gishiri suka biyo su, daga baya manyan jiragen ruwa suka fara tsayawa. Gari ya kafu. Kowa na girmama mai rijiya, ana kawo masa kifi da doya, amma babu mai jin maganarsa.

Sai da ya tsufa tukuf wani ayarin fatake ya sauko daga arewa neman gishiri. Jagoransu, Madugu Cindo, ya matso ya ce, "Salamu alaikum, mai rijiya. Ko a sami ruwa?"

Rabon Anaruwa da jin harshen garinsu tun barinsa arewa. Ya miƙa masa guga. Sai da madugu ya sha ya ƙoshi, tsohon ya ce da harshe mai nauyi, "Kun biyo ta Tungar Marke?"

Madugu ya yi mamaki. Ya ce, "Baba, na tsufa a kan hanyar nan, wallahi ban taɓa jin sunan ba."

Anaruwa ya sunkuyar da kai.

Madugu ya ce, "In za mu koma, mu ɗora ka a jaki mu kai ka gida."

Ya ce, "Gida ai mutane ne, Madugu. Wa zan tarar? Ku dai sauka nan kusa da ni, in riƙa jin kuna magana."

Ya ba su fili suka kafa zango, bisa sharaɗi: ba a sayar da ruwan rijiyar nan, kuma baƙo ya sha kafin a tambaye shi sunansa. Bai daɗe ba bayan haka, aka same shi ya cika a jingine da bakin rijiya, fatake na ta hira a gefensa.

Yau miliyoyin mutane ke kwana a wannan gaɓa. An cike rabin tafkin da yashi an yi benaye, gadoji sun haɗa tsibirai, jirage na layi a tasha suna sauke kaya, masana'antu sun cinye kurmin. Ko'ina a birnin da kuɗi ake shan ruwa, ban da wuri ɗaya. Tsakanin tashar manyan motoci da kasuwar kifi, cikin shingen ƙarfe, Rijiyar Toro na nan ba ta ƙafe ba. Dattawan zango na zama a gefenta. In suka hango wani ya sauko daga mota da jaka a kafaɗa, yana waige-waige babu wanda ya zo tarbarsa, sai ɗayansu ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa masa, ya ce, "Sha tukuna, ɗana. Suna ya jira."