Kwaɗon da Ya Bi Gefen Bututu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Wani kwaɗo ne, Ɗan-Tsalle, ga wayo ga ci. Yana son wata 'yar kwaɗuwa, Lantana, ita ma tana son sa. Amma akwai wani manemin, Na-Malam, kwaɗo mai sanyin jiki.

Sai uwar Lantana ta ce, "Kun ga bututun da mai lambu ke ban-ruwa da shi? Ku shiga, ruwa ya ɗauke ku. Wanda ya fara faɗowa fangalin albasa, shi ne surukina."

Lantana ta ja Ɗan-Tsalle gefe, ta ce, "Yaya, ka bi tsakiya. Na sha jefa fure a ciki. Na tsakiya wuf yake wucewa, na kusa da shi bi-a-hankali, na jikin bango kuwa kamar an ɗaure shi."

Ya ce, "To, ƙanwata."

Da ya leƙa, sai ya ga bangon bututu cike da gansakuka, tsutsotsi fal, manya-manya. Yawu ya tsinke masa. Ya ce a ransa, "Ruwa ɗaya, bututu ɗaya, ina wani bambanci? In ci, in kuma riga shi."

Ya juya ya ce, "Na-Malam, gefe na manya ne. Kai yaro, tsakiya!"

Na-Malam ya ce, "Yadda ka ce, Yaya."

Mai lambu ya ta da inji. Ruwa ya taho. Fiuu, Na-Malam ya ɓace.

Ɗan-Tsalle kuwa, ya bi gefe, ya lashe wannan tsutsa, ruwa ya ɗan matsa. Ya lashe waccan, ruwa ya ɗan matsa. Ciki ya yi tim. Yana kallon kara da ganye suna wuce shi ta tsakiya, har ya jiyo guɗa daga can ƙarshe.

Sai la'asar ya faɗo tim. Uwar amarya ta ɗauko tsumagiya: "Mai raina 'yata, me ya tsare ka?"

Ya ce, "Haba Gwaggo, tsayawa na yi ina gyara murya, ni ne mawaƙin biki!"

Aka ba shi wuri, har da tuwo. Ya buɗe baki, Lantana ta ɗago mayafi, ta ce a hankali, "Ai na gaya maka, Yaya."

Waƙar ta maƙale. Sai "ƙwarr, ƙwarr" ta fito, kuma ita yake yi har yau a bakin bututu.

Ƙurunƙus kan tsutsa. Mai zuwa neman aure ya ci abinci tun daga gida.