Rawanin Sarki Tunau da Ruwan Matattun Rijiyoyi

A zamanin da, an yi wani sarki a wani birni mai yawan rijiyoyi, sunansa Tunau. Adali ne, sai dai Allah ya yi shi da ƙyanƙyami, ko ƙuda ya gifta sai ya ɓata fuska. Wata rana ya fita kewaya gari, dokinsa ya taka ruwan kwata ya fallatsa masa a riga. Yana komawa fada ya sa aka yi shela cewa kada a ƙara barin ruwan wanka ko na wanke-wanke ya kwarara a hanya, kowa ya kai nasa matattun rijiyoyin da suka ƙafe ya zuba. Gari ya yi fes, baƙi suna ta yabo.

Da shekara ta kewayo sai ruwan sha ya fara wari, ciwon ciki ya shiga gida gida yana ɗaukar yara, har ya ɗauke jikar sarki da yake ji da ita. Fadawa suka ce ai masu rini ne, warin karofinsu ya isa shaida. Sarki yana cikin zafin rashi, ya yanke hukunci cewa su bar garin kafin tsayuwar wata.

Wazirinsa, wani dattijo mai suna Cindo, shi abin ya fi damu. Ya je karofi ya tarar da shugaban masu rini, Barmo, yana ɗaure kaya, tsofaffi suna zaune jugum. Tausayi ya kama shi ƙwarai.

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan aka binne iyayenmu. Ina za mu da waɗannan tsofaffi?"

Waziri ya leƙa ramukan rini ya ga an daɓe su da laso, ba ta inda ruwa zai zurara. Dama ya daɗe yana zargin matattun rijiyoyin nan. To, amma wa zai dubi sarki mai makoki ya ce masa dokarsa ce ta jawo? Sai ya koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, masu rini za su tashi, ramukansu kuwa cike suke da ruwan baba. Doka ta ce ruwan ƙazanta matacciyar rijiya ake kai shi. Wadda ke bayan fada ta fi kusa da su, ko a zuba a can?"

Sarki ya ce a bi doka. Aka kwashe aka zuba.

Ba a jima ba mai wankin sarki ya jawo ruwa a rijiyar cikin gida ya wanke farin rawani, rawani ya fito da shuɗi shuɗi. Aka kawo shi gaban sarki ana fadanci, aka kira Barmo ya durƙusa can nesa. A al'adar fadar nan sarki ba ya magana da talaka baki da baki, sai dai ya faɗa a bayan amawalin da ya rufe bakinsa, bafadensa Shamaki ya maimaita. Shamaki ya ɗaga murya ya ce sarki ya ce ga shaida ta fito, har rijiyarsa sun ɓata.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tun zamanin kakanka ake rini a garin nan. An taɓa ganin guga ya fito da shuɗi?"

Aka ce ba a taɓa ba.

"To, me ya sa sai yanzu da aka zuba shi a matacciyar rijiya? Mu ne muke ganin wannan rijiya dabam, waccan dabam, a ƙarƙashin ƙasa kuwa duk jijiyarsu ɗaya. Baba yana da launi, shi ya sa ya tona kansa. Ruwan wankan da muke zubawa ba shi da launi, amma hanyar nan ya daɗe yana bi."

Sarki ya daɗe yana juya rawanin a hannunsa, sannan ya ce a hankali, "Waziri, ashe jikar nan tawa ni ne sanadin mutuwarta?"

Hawaye suka zubo wa Waziri. Ya ce, "Kai ka faɗa don gari ya yi tsabta, mu muka ji muka yi shiru. Kada ka ɗauka kai kaɗai."

Nan take sarki ya ba da umarni a cike matattun rijiyoyi da ƙasa, a yashe masu rai, a gina magudanai a daɓe su da laso su kai ruwan ƙazanta can bayan ganuwa, kuma kada a ƙara haƙa salga kusa da rijiya. Shamaki ya gyara murya zai sanar da Barmo cewa an janye kora, sai sarki ya ɗaga masa hannu ya dakata.

Ya sa hannu ya sauke amawalinsa, fadawa suka sunkuyar da kai don ba su saba ganin bakinsa ba. Ya dubi Barmo ya ce, "Je ka kwance kayanka, ka gaya wa tsofaffinku su zauna. Kuma Barmo, ka yafe mini."