Masar da Aka Biya Ba a Ci Ba

Akwai wani manomi a wani gari, mutum mai yawan tambaya. Ko kaza ya gani ta tsaya da ƙafa ɗaya, sai ya tsaya ya bincika dalili. Matarsa takan ce da tambaya hatsi ce, da rumbunsu bai taɓa zama fanko ba.

Wata Asabar, zumuntar mata ta shirya cin kasuwa a filin majami'a. Kowace mace ta kawo abin da ta iya dafawa. Abin da aka samu za a raba shi biyu: rabi ga likitocin da ke binciken maganin ciwon daji, rabi ga waɗanda suka yi ciwon suka tashi, don kuɗin motar komawa asibiti.

Cikin matan akwai Tabita, wadda dā take soya masa a bakin kasuwa. Ciwon ya kama ta, aka cire mata nono ɗaya, ta yi shekara guda tana zirga-zirgar asibiti, Allah kuwa ya tashe ta. Manomin ya same ta da sassafe tana hura wuta a ƙarƙashin tanda.

Ya ce, "Maman Bulus, ke da ya kamata ki huta, me ya fito da ke?"

Ta ce, "Baba, gwaji na zo yi. In an ci masata yau, Litinin zan koma bakin kasuwa. In ba a ci ba, zan kyautar da tandar nan, in koma ƙauye wurin yayana in zauna a ɗaki."

Manomin ya samu inuwa kusa da ita ya zauna, ya zuba ido. Mutane kuwa suka yi ta zuwa wurinta fiye da wurin kowa. Kowa ya zo sai ya ce, "Sannu, Allah ya ƙara lafiya," ya sa kuɗi a kwano. In ta miƙa hannu za ta ƙunsa masa masa, sai ya ja da baya ya ce, "A'a, bar shi, na ƙoshi." Wannan mai ƙoshin kuwa, taku biyar zai yi ka gan shi ya durƙusa gaban mai ɗanwake yana neman ƙarin yaji.

Rana ta yi tsaka, kwanon Tabita ya cika, tirenta ma yana nan cike. Masa ta huce, ita kuma ta daina ɗaga kai. Abin ya ɗaure wa manomin kai ƙwarai.

Ya tashi ya tare wani dattijon ikilisiya. "Na ga ka biya, ban ga ka ci ba. Me ya sa?"

Dattijon ya ce, "Ai taimako muka zo yi, kuma mun yi. Me ya rage?"

Amsar ba ta ishe shi ba. Ya je wurin matarsa, inda take sayar da kunun gyaɗa, ya yi mata tambayar. Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Maigida, kai ma dai! Hannunta ne fa ya dama ƙullun nan. Wa ya san yadda ciwon nan yake tafiya?"

Ya ce, "To, wa ya sani ɗin? Bari in tambaya."

Akwai wata nas da aka gayyato ta yi wa jama'a bayani. Ya je ya tsaya a gabanta. "'Yata, ana ɗaukar ciwon daji a abinci? Ko a hannu? Ko a cokali?"

Ta ce, "Ko kaɗan, Baba. Ko kwano ɗaya kuka ci shekara goma, ba za ka ɗauka ba. Tun safe nake nan, kai ne na farko da ya tambaye ni."

Kunya ta kama manomin, domin shi ma tun safe yake zaune kusa da tiren, yana ƙirga laifin mutane, bai sa ko loma ɗaya a bakinsa ba. Ya koma, ya ja kujera har gaban tanda, ya wanke hannu.

"Maman Bulus, zuba mini biyar, da miya."

Ta dube shi. "Sun huce, Baba."

"To, hura wutar. Ina jira."

Ta hura wuta, ta soya sabuwa. Ya ci a gaban kowa, ya suɗe yatsunsa, ya ce a ƙara uku. Ba dukan jama'a suka biyo shi ba. Waɗansu sun kau da kai. Amma matarsa ta rufe kununta, ta zo ta zauna kusa da shi, ta sa hannu a kwanonsa. Bayanta mata huɗu suka zo. Tabita tana juya masa tana share hawaye da bakin zane. Ran Litinin aka ga hayaƙinta a bakin kasuwa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Tabita ita ce kowane ɗan'uwa da Allah ya tashe shi daga ciwo mai tsanani. Masu biya su ƙi ci, mu ne. Bayarwa tana da kyau, ku bayar hannu sake, gama da ita likitoci suke neman magani. Amma kuɗi yana iya zama hanyar tsayawa nesa cikin ladabi, kuma wanda aka yi wa haka ya sani sarai. Tsoron da ya hana mu matsawa kusa, sau da yawa tambaya ɗaya ce za ta kashe shi, mu ne ba mu yi ba. Ubangijinmu Yesu bai aika da taimako daga nesa ba. Ya zauna cin abinci tare da waɗanda mutane suke gudu.

Saboda haka kowa ya tuna da wanda ya dawo daga asibiti a unguwarsu. Ka yi masa addu'a, na sani. Wataƙila ka ba da gudummawa. Amma tun da ya dawo, ka taɓa cin abinci daga hannunsa?