Nomau Mai Zane da Akuyar Iya Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin faifan garmaho, wani bawan Allah da ake kira Nomau. Sana'arsa zanen bangon faifai: mawaƙa su yi waƙarsu, shi ya zana hoton da za a manna a kwalin. Masu kiɗan rok yake yi wa, masu gitar nan mai ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti. Ku daina kallona haka, ban ce ku je ku ji ba, labarin mai zanen nake ba ku.

Shekara ashirin yana zane, ba wanda ya san sunansa. Rannan wani shugaban makaɗa, Jatau, ya ce a zana shi bisa zaki. Nomau ya yi mako guda yana fama, ya shanya allon a tsakar gida, ya tafi sallar azahar. To ku saurara. Akuyar maƙwabciyarsa Iya Tabawa ta shigo, ta ture gwangwanayen fenti, ta taka ja, ta taka shuɗi, ta tattake zakin, ta yi birgima a kan fuskar Jatau.

Nomau na tsaye yana salati sai ga Jatau. Ya dubi allon, ya rantse bai taɓa ganin zanen da ya yi kama da kiɗansu haka ba. Nomau na cewa ya tsaya ya ji, mutumin ya sungumi allo ya hau babur.

Faifai ya yi kasuwa. Aka shirya taron karrama Nomau, abin da ya shekara ashirin yana jira. Matarsa ta ja shi gefe ta ce, "Malam, ka yi shiru. Akuya ba ta kai ƙara."

Ya ce, "Ita ba ta kaiwa, amma Allah ya gani."

Aka miƙa masa lasifika, ya ce, "Jama'a, zakin nawa ne, yana can ƙasa, ba a ganinsa. Abin da kuke yabo aikin akuyar Iya Tabawa ne."

Aka yi dariya har da faɗuwa, aka karɓe lambar yabon da aka ba shi. Aiki ya ɗauke masa ƙaf, har na tausaya masa. Mawaƙa suka yi layi ƙofar Iya Tabawa. Aka shimfiɗa takarda, aka zuba fenti, aka saki akuya. Ta shinshina, ta cinye takardar. Aka sake, ta sake cinyewa.

Sai ga Jatau ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce mutumin da ya ƙi cin haƙƙin akuya ba zai ci nasu ba. Daga ranar, duk bangon faifan garin Nomau ke zanawa.

To jama'a, gaskiya ita ce ta riƙe shi, kuma yabon da ba naka ba kaya ne da za ka sauke gobe. Kai da na ƙasa da kai ke yin aiki ka sa hannu, ke da ƙanwarki ke dafawa ki karɓi sannu, ku duba. Nomau ya ji kunyar dabbar da ba ta magana. Naku masu baki ne, kuma za su yi magana ranar da ba ku da lasifika.