Mai Busa Ƙaho da Tukunyar Zohara

An yi wani mutum a unguwarmu nan Ƙudus da ya kashe mace da harshensa. Kun san shi. A da shi ke busa mana ƙahon rago in azumin Ranar Kafara, babban azuminmu na Yahudawa, ya ƙare.

Zohara mai dafa abincin biki ce, mijinta ya rasu. Mai busa ƙahon ya nemi aurenta, ta ce a'a. Sai ya shiga majami'a ya ce da idonsa ya ga ta zuba madara a tukunyar nama, abin da addininmu ya haramta. Shi ke nan. Wa zai ƙara cin abincin hannunta? Har tukunyar da ta ara, maƙwabta suka ƙi karɓa.

Ran jajibirin azumi ƙanwarsa ta ce, "Yaya, je ka roƙe ta gafara tun rana ba ta faɗi ba."

Ya ce, "Ni in tsaya ƙofar mai wankin tukwane? Azumi zai wanke."

Ya sa fararen kaya, ya tuɓe takalmin fata, ya wuni yana bugun ƙirji, ko ruwa bai kurɓa ba. Ya 'yan uwa, wa bai san cewa azumin nan ba ya goge hakkin mutum sai mai hakki ya yafe ba?

Kafin shekara ta zagayo baƙin ciki ya kai Zohara ƙasa.

Azumi ya dawo, duhu ya fara, jama'a na jiran ƙaho. Ya kai baki ya hura. Iska kawai. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Shiru. Aka karɓe aka ba wani.

Nan tsoro ya kama shi, ya faɗi gaskiya. Malamin majami'a ya ce tunda ta mutu, sai ya tara maza goma a kabarinta, ya roƙe ta a gabansu. Ya bi gida gida. Wani ya ce, "Kabarin mai madara? Ai kai ka hana mu ƙofarta." Har yau bai samu goman ba. Yana nan a rakuɓe bayan majami'a, ba mai gaishe shi.

Wanda ya ci hakkin mutum, yunwa kawai ya sha, ba azumi ba. Allah ya tsare mu da irin wannan.

Amma ku da kuka haɗiye ƙaryar, ba shi kuke gudu ba, kabarin kuke tsoro. Ni yayarta ce. Kafin ku sa fararen kaya bana, ina son maza goma a kan kabarin Zohara. Malam, kai da ka ji ba ka tambaye ta ba, kai za ka shige gaba.